Gani Ya Kori Ji: Taskar Zanen Turawa da Bangayen Rano

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Mu marubuta dai mutanen ji ne, domin duk abin da muka zuba a takarda labari ne mai karatu zai ji da zuciyarsa. To amma akwai wani irin labari da ba a faɗarsa da baki, ba a kuma rubuta shi da alƙalami, sai dai a ɗora shi a kan allo ko ƙyalle ko bango, ido ya karanta. A kan wannan irin labari nake so mu ɗan tattauna a wannan fitowa. Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin makaranta daga ƙasar Rano da hotunan da Turawa suka zana shekaru aru-aru? Amsar ita ce, ba gwanintar hannunsu kaɗai ce ta ja hankalina ba, domin mu ma Allah bai hana mu gwanaye ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka iya ajiya, mu kuwa muka iya yi, muka kasa ajiyewa.

Bari mu fara da shekarar 1824. A watan Janairu na wannan shekara ne Baturen nan Clapperton, wanda ya riƙa kiran kansa Abdullahi, ya shigo birnin Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, daga nan ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin wannan shekarar dai, can a birnin Landan, majalisar dokokin Ingila ta ware fam 57,000 ta sayi zane 38 daga cikin kayan gadon wani attajiri mai suna Angerstein, aka buɗe wa jama'a ƙofa su zo su gani. Wannan shi ne mafarin gidan adana zane-zane na ƙasar Ingila, wanda suke kira National Gallery. A 1838 aka mayar da shi babban gininsa na dandalin Trafalgar. Daga 38 ɗin nan, abin ya haura zane 2,300, waɗanda aka yi tun daga tsakiyar ƙarni na 13 har zuwa wajen 1900, kuma talaka da mai kuɗi duk kyauta suke shiga manyan zaurukansa. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan cika.

Ni dai a littafi na fara sanin wannan gida. Wani tsohon kundi ne mai hotuna masu launi da na tsinta a hannun masu baza littattafan gwanjo a Sabon Gari, bangonsa ya ɓantale, gara ta ɗanɗana gefensa. Daga baya da wayar hannu ta zo da intanet, sai ya zamana mutum yana zaune a ƙofar gidansa a Kibiya zai iya janyo hoton ya buɗa shi har ya ga sawun buroshin mai zanen. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, an jera kayan ne bisa zamani, ta yadda wanda ya bi su daki-daki zai ga yadda tunanin al'umma guda ya yi ta sauyawa cikin shekara fiye da 600, kamar mai kallon yaro tun yana rarrafe har ya yi furfura.

Na farkon su, na ƙarni na 13 da na 14, a kan katako aka yi su. Sukan niƙa launi su kwaɓa da gwaiduwar ƙwai, su shimfiɗa zinariyar da aka buge ta yi fele-fele a bayan hoton. Kusan duk na coci ne, mutanen ciki a sandare, ba nisa ba kusa. Da aka shiga ƙarni na 15 sai abubuwa biyu suka faru. A birnin Fulorans na Italiya, wani magini mai suna Brunelleschi ya fito da ƙa'idar lissafi ta nuna nisa da kusa a kan shafi, yadda abin da ke nesa zai ƙanƙance daidai gwargwado. Ilmin gani da wannan dabara ta dogara a kai kuwa, wani babban kaso nasa daga littafin malamin nan Musulmi Ibnul Haisam ya isa Turai, bayan an fassara shi zuwa Latin. A arewacin Turai kuma, masu zane suka ƙware wajen kwaɓa launi da man irin kittani, wanda ba ya saurin bushewa, yana ba mutum damar ya yi ta shafawa sama-sama har hoton ya yi sheƙi.

A nan ne za ka ga zanen Jan van Eyck na 1434, na wani ɗan kasuwa mai suna Arnolfini da matarsa a tsaye cikin ɗaki. Ga takalman katako a ƙasa, ga lemo a bakin taga, ga kyandir guda yana ci, ga madubi a bango yana nuna waɗansu mutane biyu a bakin ƙofa. Ka yi lissafi, mai karatu: an gama wannan zane shekara 29 kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Yau yaron Bature zai iya gaya maka irin takalmin da attajiri yake sawa a wancan zamani da irin gadon da yake kwana a kai. Mu fa? Wace irin riga attajirin Kurmi yake sawa a zamanin Rumfa? Wane irin ɗinki ne a wuyanta? Sai dai mu yi kirdado.

Idan ka matsa gaba zuwa ƙarni na 17, za ka tarar mutanen Holan sun sauko daga zanen sarakuna da waliyyansu, sun koma zana mace tana shara a tsakar gida, da shanu a makiyaya, da kifi a faranti. Cikinsu akwai Rembrandt, wanda ya yi ta zana fuskarsa tsawon rayuwarsa. Biyu daga ciki suna wannan gida: ɗaya na 1640, yana ɗan shekara 34, ya ci ado, ya dogara gwiwar hannu yana kallon duniya kamar tasa ce, ɗaya kuma na 1669, shekarar da ya mutu, bayan karayar arziki ta same shi, ya binne matarsa da ɗansa, fuska ta yamutse, ido ya yi sanyi. Ban taɓa jin wa'azin da ya nuna mini cewa duniya rawar 'yan mata ce kamar waɗannan fuskoki biyu ba. Daga nan sai ƙarni na 19, inda Turner ya zana wani tsohon jirgin yaƙi mai filafilai a 1839, wani ɗan ƙaramin jirgi mai hayaƙi yana jan sa zuwa inda za a farfasa shi, rana tana faɗuwa. A 1844 kuma ya zana jirgin ƙasa yana keta ruwan sama, shekara 67 kafin layin dogo ya iso Kano a 1911. Da aka ƙirƙiro kyamara a 1839, aka kuma fara ɗura fenti cikin 'yan kwalaye na dalma a 1841, sai masu zane suka fita daji da kayansu, suka daina gasa da kyamara wajen kamanni, suka koma farautar haske da launi. Furannin rawaya da Van Gogh ya zana a 1888 suna daga cikin na ƙarshe-ƙarshen jerin.

Wani abin mamaki shi ne, Musulmi ba baƙo ba ne a cikin waɗannan zauruka. Cikin kayan gidan akwai hoton Sarkin Musulmin Turkiyya Muhammadu na biyu, wanda ya ci birnin Kustantiniyya a 1453. Shi da kansa ya nemi hukumar birnin Fenis ta aiko masa da gwani, aka aika Gentile Bellini, ya zana shi da rawaninsa a 1480. A zanen Holbein na 1533, na waɗansu jakadun Faransa biyu, dardumar da aka shimfiɗa a kan teburi saƙar Musulmin Turkiyya ce. A Fulorans kuma akwai zanen Gentile da Fabriano na 1423, inda aka kewaye kan Nana Maryamu da wani ado mai kwaikwayon rubutun Larabci, domin a lokacin duk wani yadi mai daraja daga ƙasashen Musulmi yake zuwa musu, har suka ɗauki baƙaƙen Larabci alamar girma. Sannan ga hoton Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu ta ƙasar Sanagal, wanda aka kama aka sayar da shi bawa a Amurka, Allah Ya kuɓutar da shi ya biyo ta Landan. A 1733 William Hoare ya zana shi da farin rawani da farar riga, Alƙur'ani rataye a wuyansa. Duk wanda ya kalli wannan fuska zai rantse ya taɓa ganinta a sahun gaba na masallacin Juma'a. A 2009 hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Katar ta saye shi.

Har kayan aikin ma da hannunmu a ciki. Ƙaron nan da almajiri yake jefawa a tawadarsa don ta kama allo, shi ne abin da yake riƙe fentin ruwa na Turawa, kuma daga wannan yanki namu na bakin Sahara aka daɗe ana kai musu shi. Shuɗin da suke yi wa mayafin Nana Maryamu kuwa daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, tsadarsa tana gogayya da ta zinariya. Ni Barane, duk inda aka ambaci shuɗi sai kunnena ya motsa, don masu tarihi kan ce a cikin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba.

Na san akwai tambayar da take cin mai karatu, kuma ba zan kewaye ta ba. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani game da sura abu mai rai, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan abin da ya haramta da abin da lalura ta ilmi ko ta shaida ta halatta. Wannan fage nasu ne, kuma a wurinsu ake neman fatawa. Haka nan a cikin zanen Turawa akwai na tsiraici da na shirka waɗanda ba zan taɓa shiga aji da su ba. To amma ba kira nake mu koma sassaƙa gumaka ko zana fuskoki ba. Kakanninmu sun san wannan hukunci sarai, shi ya sa suka karkatar da basirarsu zuwa ga rubutu, da ƙulli, da layi, da launi, suka kuwa yi abin a zo a gani. Ban san wani malami da ya hana adana allon zayyana ko tsohuwar riga ko ƙyauren ƙofa ba. Abin da nake so mu ara a wurin Bature shi ne taskar, ba lalle sai abin da ya zuba a cikinta ba.

Kada kuma a ɗauka na manta da inda dukiyar ta fito. Yawancin arzikin da ya gina manyan gidajen tarihin Turai ya haɗu da gumin bayi da na ƙasashen da aka mallaka. Kayan tagullar Bini ma ai kwasar ganima aka yi musu a 1897, sai a 'yan shekarun nan aka fara mayarwa: Jamus ta miƙa wani kaso a 2022, Holan ta dawo da guda 119 a 2025. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai ɗacinta bai kamata ya rufe mana ido daga wata gaskiyar ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamus ta fara yi wa Landan ruwan bama-bamai, an riga an kwashe zanen nan kaf an kai ƙasar Wales, daga baya aka ɓoye su cikin wani ramin haƙar dutse mai suna Manod, aka gina musu ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, ana auna zafi da laima dare da rana. Daga 1942 kuma aka riƙa dawo da zane guda ɗaya tak kowane wata, mutane suna yin layi su gan shi, alhali ana rabon abinci da kati. Mutanen da suke cikin yunwa da tsoro, amma suka ga tsohon ƙyalle mai fenti ya cancanci wannan wahala, lalle akwai abin da suka gane.

Wata rana ina koyar da darasin tarihi, na zagaya da kundin nan cikin aji don yara su ga yadda jirgin ruwa mai filafilai yake. Sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu ina namu?" Tambayar gajera ce, amma amsarta doguwa. Na ce mata namu yana nan, sai dai ba a ɗaki guda yake ba, kuma kullum raguwa yake yi.

Namu mafi tsufa yana gabas da mu, a duwatsun Birnin Kudu, wadda take cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai hotunan shanu da mutanen dā suka zana da jan launi da fari da baƙi, waɗanda Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Shanun nan ba su da tozo. Ka ga ke nan dutse ya riƙe mana shaidar cewa akwai zamanin da garken ƙasar nan ba irin wanda muka sani ba ne, abin da babu wata tatsuniya ko waƙa da ta riƙe mana shi.

Namu yana jikin bango. Duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya ko Rurum ya san gidan mai hali da ganin ƙofarsa: zankwaye a sama, zaure mai bakan gizo, fuskar gida an yaɓe ta da makuba, magini ya bi da yatsa da wuƙa ya fitar da dagi da takobi da allo tun yaɓen yana ɗanye. Da zamani ya juya, maginan Kano da Zariya suka fara sa keke da agogo da mota da jirgin sama a cikin zanen. Wato abin da Turner ya yi da jirgin ƙasa, shi magininmu ya yi da keke: kowa ya rubuta shigowar sabon zamani da abin da ke hannunsa. Sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya tsira. Amma gwanaye nawa ne suka ƙawata garuruwanmu suka tafi ba a ko san sunansu ba?

Namu yana cikin ɗakin iyayenmu mata. Ni na ga jeren kakata: ƙore masu sassaƙa an ɗora su bisa juna har rufin ɗaki, ga akusa baƙaƙe, ga faifai masu launi a bango, ga tasoshi da fanteka da suka zo daga baya, kowane da gurbinsa. In ba gidan nuna kayan fasaha ba, mene ne wannan? Har ma tsarin zamani akwai a ciki, don mai ido yana duban jere zai gaya maka na kaka, da na uwa, da na amarya. Namu yana wuyan riga, a aska takwas da aska biyu da tambari, waɗanda sai an zana su da tawada kafin allura ta bi. Yana kan allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Yana cikin marina, inda ake jiƙa shuni da toka a rami, a tsoma zane a fitar ya sha iska, a mayar, har ya yi baƙin shuɗi, sannan a kai mabuga a buge shi ya yi ƙyalli, irin turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa har cikin Sahara.

To me ya sa nasu ya zauna, namu yake tafiya? Dalili na farko kayan aiki ne. Fentin mai a kan katako yana iya shekara 500 in an kula da shi, bangon ƙasa kuwa sai an yi masa yaɓe duk bayan 'yan damuna, ƙwarya tana fashewa, allo ana wanke shi, riga tana tsufa a yi tsumma da ita. Dā wannan bai zama asara ba, domin abin da ake gado shi ne hannun, ba kayan ba: uba ya koya wa ɗa, in bango ya zube a sake wani. Dalili na biyu shi ne sarƙar nan ta gado ta tsinke. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin kanti a 1897, ga kuma atamfar inji, karofi ya shiga ja da baya, har yawancin ramukan suka zama juji. Siminti da kwano suka kori makuba da azara. Roba da silba suka kori ƙwarya. Ɗan magini ya koma acaɓa. Yanzu in bango ya zube, ya zube da iliminsa.

Dalili na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne raini. A unguwarmu akwai wani gida da tun muna yara muke tsayawa kallon fuskarsa in an aike mu. Da mai gidan ya rasu, magada suka sa aka farfashe zanen aka shafe da siminti cikin yini biyu, aka yi masa fenti ruwan madara. Ba mugunta suka yi ba, gyara suka yi, kuma duk unguwa sai sam barka ake yi musu. Ba wanda ya ɗauki hoto, alhali kusan kowa a wurin da waya a aljihunsa. A ganinmu tsohon abu alamar talauci ne. Wanda ya bar gidan ubansa da zanen ƙasa, sai a ce ya kasa.

Sakamakon haka shi ne, in muna son ganin jiyanmu, sai mun ari idon baƙo. Hoton birnin Kano mafi shahara na ƙarni na 19 shi ne wanda Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya zayyana daga kan Dala a 1851, zamanin Sarki Usman, wani mai zane a Jamus ya gyara shi aka buga a littafinsa. Mun gode masa, amma abin da idonsa ya zaɓa shi ya nuna mana. Kuma wanda ya hau motar kwaɗayin aro, ba shi ke zaɓar tashar da za a sauke shi ba.

Ba a ce ba a yi komai ba. Gidan Makama na Kano, wanda tarihinsa yake komawa zamanin Rumfa, yana riƙe da ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan farkon zuwan Turawa, kuma duk ranar da muka kai ɗalibai, ina ganin yadda surutu yake ɗaukewa in sun shiga zauren farko. Gidan Ɗan Hausa ma yana nan. A Jos an gina kwafin masallacin Zariya da na ganuwar Kano don kada fasalinsu ya ɓace. A Zariya kuwa, tun 1958 waɗansu ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a kan cewa za su koyi dabarar Bature amma su zuba mata ruhin gida. Sai dai duk wannan a manyan birane ne. Yarinyar da ta yi mini tambaya, kayan kakanninta ba su kai Gidan Makama ba, suna nan cikin rumbu da ƙarƙashin gado, suna jiran ranar da mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya ba da abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

'Yan'uwana marubuta, kada mu ɗauka maganar ta tsallake mu. Ku tuna bangayen littattafan da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, waɗanda muka riƙa karɓa haya muna ɓoyewa cikin littafin lissafi. Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, da hannu ake zana yawancinsu: ga ɗaurin ɗankwalin lokacin, ga irin motar da ake yayi, ga kujerun falon da kowace budurwa take mafarki. Nan da shekara 100, wanda yake son sanin yadda Bahaushen ƙarshen ƙarni na 20 yake ado da abin da yake buri, waɗannan bangaye za su yi masa aikin da zanen Arnolfini yake yi wa Bature. A 2004 Farfesa Graham Furniss na Landan da abokan aikinsa suka buga jerin sunayen irin waɗannan littattafai da suka fito daga 1987 zuwa 2002, kuma a Jamus aka buga shi. Mu da muka rubuta, muka karanta, marubuci nawa ne a cikinmu yake da kwafin bugun farko na littafinsa? Wa ya san inda ainihin zanen bangon yake, ko sunan yaron da ya zana?

Shawarata ba mai tsada ba ce. Landan da 38 ta fara. Rano, garin Autan Bawo, ba za ta rasa ɗaki guda mai rufi marar yoyo ba, ko a fada, ko a sakatariya, ko a wata makaranta. A samu riga guda mai aska takwas, da turkuɗi guda, da allon zayyana, da jeren ƙore, da muciyar marina, da kayan aikin magini. Kowane a rubuta masa takarda: wa ya yi shi, a wane gari, a wace shekara, wa ya bayar. Wannan 'yar takardar ita ce bambancin tarkace da tarihi. Mu malamai kuma mu raba ɗalibai unguwa-unguwa lokacin hutu, su nemi izinin masu gida su ɗauki hoton duk wata fuskar gida mai zane da ta rage daga Rano zuwa Kibiya zuwa Bunkure, su tambayi tsofaffi sunan maginin da sunan kowane zane, a wanke hotunan a liƙa a kundi, kada a bar su a waya ta faɗa ruwa. Ƙungiyarmu kuma ta buɗe akwati, duk marubucin da ya fitar da littafi ya jefa kwafi biyu, tsofaffin kuma a bi su gida-gida tun masu su suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in wani ya yi haƙurin ajiye ta.

Bature bai san Van Eyck zai yi suna har yau ba lokacin da ya ɗauki zanensa ya sa a inuwa. Abin da ya sani kawai shi ne aikin hannun gwani ba abin yarwa ba ne, sai kowane zamani ya miƙa wa na bayansa, har abu ya zama taska. Mu ma jikokinmu za su zo da tambaya, kuma abin da muka ajiye ne kaɗai zai amsa musu, domin a ranar mu ba ma nan. Allah Ya jiƙan magabatanmu gwanaye, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari. Amin.